Lissafin da na yi kafin na ajiye aikin albashi na koma harkar shinkafa

Ina aiki a wani kamfani mai zaman kansa a Birnin Kebbi na fara taɓa shinkafa a gefe. In sayo shanshera daga wajen Argungu da Suru, in ba mata masu gumi su turara su shanya, in kai inji a cashe, in sayar. Da na fara maganar ajiye aiki, manya suka ce kada in saki reshe in kama ganye. Maganarsu tana kan hanya, shi ya sa na mayar da ita lissafi, kuma lissafin nan nake ba duk wanda ya zo mini da irin wannan shawara.

Abu na farko, ka san abin da gidanka yake ci a wata, ba abin da ake biyanka ba. Ka rubuta cefane, hatsi, kuɗin makaranta, magani, man babur, haya, da abin da ake kai wa iyaye. Ka haɗa da na shekara-shekara, kayan sallah, ragon layya, biki da suna, ka raba su gida goma sha biyu. Sai ka juya jimlar zuwa buhu. A ce gida yana cin naira 150,000, ribar buhu ɗaya bayan an cire komai kuma naira 3,000 ce, to sai ka sayar da buhu 50 kowane wata kafin a ce ka ci da gida, ba a zo maganar ƙara jari ba.

Wajen "bayan an cire komai" ɗin nan ne mutane suke yaudarar kansu. Kilo 100 na shanshera mai kyau ba ya wuce ya ba ka kilo 60 zuwa 65 na casasshiya, sauran buntu ne da dusa. Idan ka saye ta da danshi, ruwa ka biya wa kuɗi, don tana bushewa nauyi zai ragu. Idan kuma masu gumi suka bar ta a rana ta ƙone da bushewa, inji zai kakkarya ta, karyayyiya kuwa ba ta kuɗin tsayayyiya. Danshin da ake so lokacin casa wajen kashi 14 cikin 100 ne, kuma ƙaramar na'urar gwada danshi ta fi cizawa da haƙori gaskiya. Sannan ga itace, ladan masu gumi, kuɗin inji, cire tsakuwa, buhu da ɗinki, 'yan dako, mota, la'ada. Akwai kuma wanda kusan kowa yake mantawa: ladan kanka. Muddin albashi ne yake cika maka tankin babur zuwa kasuwa, ribar da kake gani ba ta gaskiya ba ce, kamfanin da kake wa aiki ne yake tallafa wa sana'arka.

Don haka na raba asusu biyu, na yanka wa kaina albashi daga sana'ar, na kuma daina taɓa albashin ofis. Shi nake tarawa. Sharaɗin da na gindaya shi ne sana'ar ta riƙe gidan shekara guda cur, ba wata uku ba. Dalili kuwa shinkafar Kebbi kaka biyu gare ta, ta rani wajen Afrilu da Mayu, ta damina wajen Oktoba da Nuwamba. Wanda ya auna kansa da watannin kaka zai ga kamar ya gama da talauci. A Agusta ake gane gaskiya: shanshera ta yi tsada, rana ba ta isa shanya, abin da aka turara yana iya yin fumfuna ya canza launi, hanyoyin fadama sun lalace.

Shekara ɗaya ma ba ta nuna komai duka. Ambaliyar 2020 ta shanye gonakin shinkafa masu yawa a jihar nan. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tsayar da ciniki a kasuwannin ƙauye, inda manomi ba ya karɓar tiransifa. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin ban ruwa da na mota. A 2024 kuma gwamnatin tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na wani lokaci, har da shinkafa, daga baya farashi ya sauko a kan waɗanda suka tara kaya da tsada. Ga manyan masana'antu irin Labana a Birnin Kebbi da WACOT a Argungu, idan suka shigo saye, ƙaramin ɗan kasuwa bin farashi kawai yake yi. Saboda irin waɗannan ne nake cewa kuɗin cefanen wata shida su zauna daban, ba cikin jari ba. Ranar da aka fara ɗibar kuɗin shanshera ana kai wa asibiti, sana'ar ta fara mutuwa ko da ba a gani ba.

Akwai abin da albashi yake ba mutum wanda ba ya cikin takardar biya. Mai shago yana ba ka bashi don ya san ƙarshen wata, ana sa ka a adashi ba gardama, ƙungiyar ma'aikata tana ba ka rance. Duk wannan yana yankewa ranar da ka miƙa takarda. Na biya kowane bashi tun ina aiki, na yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, na buɗe asusun banki da sunan, na kuma zauna da uwargida muka duba littafin tare, don ita za ta fara jin canjin a tukunya.

Idan kana cikin tsarin fansho na PenCom, hukumar fansho ta ƙasa, dokar 2014 ta ba ka damar neman har kashi 25 cikin 100 na abin da ke asusunka bayan wata huɗu ba ka sami wani aikin ba. Ban sa shi cikin lissafin jari ba, ban kuma ba kowa shawarar ya sa ba. Ma'aikacin gwamnati kuma ya sani cewa kundin tsarin mulki ya hana shi gudanar da kasuwanci yana bakin aiki, noma kaɗai aka yarje masa. Gwajinsa sai ya fara daga gona.

Lokacin fita ma a zaɓe shi. Ka duba takardar ɗaukarka aiki ka ba da notis yadda ta ce, yawanci wata guda, ka miƙa komai lafiya, don abokan aikinka su ne masu sayen buhunanka na farko. Ni na daidaita tafiyata da shigowar kakar rani, lokacin da shanshera take da sauƙi, rana kuma tana busar da ita da wuri, kuɗi suna juyawa sau da yawa kafin ruwa ya sauka. Ban ajiye ba kuma sai da na sami masu saye uku da suke biya hannu da hannu. Mai ɗaukar kaya duka ya ce sai ya dawo daga Legas zai biya, komai girman cinikinsa, ban ƙirga shi cikin ukun ba.