Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kyamara a Ƙofar Kudu Ranar Hawan Daushe

Masu karatu, barkanmu da sake saduwa. Makon jiya mun tsaya a Gidan Makama, yau kuma sai filin Ƙofar Kudu, gaban gidan da Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya gina. A duk hawan sallar Kano, wanda UNESCO ta sa cikin kundin al'adun duniya a 2024, ban ga mai wahalar ɗauka kamar Hawan Daushe ba, kuma dalilin ɗaya ne: haske.

Washegarin sallah ake yinsa, bayan la'asar. Hakimai ke fara wucewa da tawagoginsu, Sarki kuwa sai ya biya Babban Ɗaki, wato gidan mahaifiyar Sarki, ya yi gaisuwa, shi ya sa yakan iso rana ta yi sanyi. A nan sabon shiga ke faɗuwa. Ya ƙarar da batir da katin ajiyar hotuna a kan dawakan farko, kafin laimar Sarki ta ɓullo ba shi da komai. Ka riƙe batir biyu da katin da ba ka taɓa ba, musamman saboda wannan lokaci.

Ka kama wuri tun bayan azahar, a ɓangaren yamma, rana tana bayanka. Ka ɗaura lens 70-200, wato gilashin kyamara mai jawo nesa kusa, tun daga gida, kada ka kuskura ka sauya shi a fili. Ƙurar kofato na shiga, ɗigo baƙi zai bi kowane hoto. Manyan riguna da rawuna farare kan ƙone a hoto, aikin zare ya ɓace, don haka ka rage haske da kamar rabin mataki a ma'aunin hasken kyamara. Abin da ya yi duhu ana iya ceto shi a kwamfuta, farin da ya ƙone kuwa ya tafi ke nan.

In ka ji 'yan bindiga sun fara barin wuta, Sarki ya kusa. Hayaƙin albarushi yana rikita kyamara ta kasa kama fuska, to ka saita ta a kan jan kayan dogarai ko kwalkwalin 'yan lifidi. Lokacin jafi, inda mahaya ke sukuwa su ja linzami gaban Sarki, saurin shata, wato buɗewa da rufewar idon kyamara, kada ya gaza 1/1000 na daƙiƙa. Ɗaga ISO, wato ƙarfin kama hasken kyamara, zuwa 1600, ko 3200 in magariba ta gabato. Gara hoto mai ɗan tsakuwa da doki mai ƙafa takwas.

Filasha kuwa ka kashe shi. Yana firgita doki, ga yara cike a gefen hanya. In dogari ya ce ka matsa, matsa kawai. Mata da 'yan mata da suka ci kwalliya, a nemi izininsu tukuna.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu hau Dutsen Dala da sassafe.