Yadda layin famfo ya haɗa unguwarmu a Damagaram

Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya, kuma na haura shekara 20 ina zaune a Sabon Gari ta Damagaram, a wani lungu inda Hausawa da Barebari da Buzaye da Fulani suke katanga ɗaya da ma'aikatan gwamnati Zabarmawa, da 'yan kasuwa Ibo da Yarbawa, da wasu iyalai 'yan Togo da Benin waɗanda a nan aka yanke wa 'ya'yansu cibiya. Wannan cakuɗa ba yau ta fara ba. Tun zamanin Sarki Tanimu, wanda ya kewaye Birni da ganuwa, ayarin raƙuma daga Agadas yake sauka a Zango, kuma garin ya riƙe hedkwatar mulkin Faransawa a Nijar har 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai. Mun daɗe muna ba da wannan tarihi da alfahari, har muka ɗauka shi kaɗai ya isa ya tsare mu.

Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015 ta kwance mana wannan zato. Bayan an sauko daga masallaci, zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa, ta rikiɗe ta zama tarzoma. An ƙona coci-coci da cibiyar al'adun Faransa, washegari wutar ta kama Yamai, mutum 10 suka rasa rayukansu a garuruwan biyu. Zanen ya ƙona mini rai kamar yadda ya ƙona ran kowane Musulmi, amma kafinta ɗan Togo da ya yi mini ƙyauren ɗakina bai san hawa ba bai san sauka ba, ga shi ya kwashi iyalinsa sun kwana a barikin soja. Da suka dawo muna gaisawa, sai dai ba ya ɗaga ido ya dube ni, matarsa kuma ta daina aiko 'yarta ɗibar garwashi a gidana. Abin da ya fi hana ni barci shi ne, cikin samarin da na hango suna gudu da sanduna, akwai fuskokin da ni na koya musu rubutu.

Na je wurin mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, idan muka yi shiru, ciwon nan zai ruɓe ta ciki." Ya yarda muka kira taro, kuma kurakuran taron nan duk nawa ne. Na sa shi a ƙofar masallaci bayan la'asar, na rubuta jawabina da Faransanci saboda na gayyato wasu manyan ma'aikata, sannan ban tuna da mata ba sam. Kiristoci biyu suka zo, suka tsaya daga nesa, da aka nemi su yi magana sai suka ce babu komai. Wanda ya san maganar mutanenmu ya san abin da "babu komai" take iya rufewa. Aka yi fatiha aka watse, kowa ya koma gida da abin da ya zo da shi.

Uwargidana ce ta buɗe mini ido. Ta ce, "Malam, kuna can kuna jawabi, rigimar tana layin famfo." Damagaram a kan dutse take, ruwanta daga nesa ake janyo shi, daga wajen Gogo da Machaya da Arunguza, kuma idan bazara ta tsaya, daga Maris zuwa Mayu, famfo yakan yi kwanaki bai ɗiga ba, ko ya zo tsakar dare. Mata sukan jera jarkoki tun magariba, kuma gardamar wa ya riga wa ba ta daɗewa kafin ta koma "ku baƙi" da "ku arna". Tun bayan tarzomar, matan kiristoci suka daina zuwa layin, suna sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa da tsada, mu maza kuwa ba mu ma sani ba.

Saboda haka muka ajiye kalmar sulhu gefe, muka kafa kwamitin ruwa. Wurin zamansa gindin dogon yaro ne kusa da famfon, inda ba ƙofar kowa ba ce, harshensa kuma Hausa, wanda bai ji ba maƙwabcinsa ya fassara masa. Mata ne suka fi yawa a ciki: wata Hajiya Babarbariya da ake jin maganarta, wata Bafulatana mai tallan nono, matar wani Bazabarme ma'aikacin baitulmali, da matar kafintan nan, wadda sai da uwargidana ta je gidanta sau uku kafin ta amsa. Ita aka ba littafin, don ta fi kowa tsabtar rubutu da lissafi. Kowane gida yana da lambarsa da adadin jarkokinsa, yana kuma zuba dala ashirin a mako domin gyara. Ranar da na ga Hajiya ta miƙa mata kuɗi tana cewa, "'Yata, rubuta, kada ki raga wa kowa ko da ni ce," na san mun taka wani mataki da jawabina bai kai ba.

Wasan taubasai ya yi mana aiki ƙwarai. Al'ada ce da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014, amma mu a bakin famfo muke ganin amfaninta. Wata rana Bafulatanar ta kawo jarkoki fiye da rabonta, murya ta fara tashi, sai Hajiya ta ce a ƙyale baiwarta, tun kaka da kakanni Fulani ba su iya ƙirga komai ba sai shanu. Ita kuma ta rama da cewa Barebari duk zanen fuskarsu ba su taɓa zana gaskiya ba. Aka fashe da dariya, jarkokin da suka yi yawa suka koma baya ba tare da kowa ya ji kunya ba. Haka Buzaye da Zabarmawa suke yi wa juna. Sai dai a nan na gane iyakar wasan, domin yana da masu shi. Wani saurayi ya gwada irinsa da wani ɗan kasuwa Ibo, mutumin ya ɗauka zagi ne, kuma da gaskiyarsa, tunda babu wata tsohuwar amana tsakanin kakanninsu da za ta ɗauki nauyin maganar. Waɗanda suka fi bukatar kariya a unguwarmu su ne waɗanda ba su da taubashi.

Abin da ya cike wannan giɓi shi ne haƙƙin maƙwabtaka. Limaminmu ya yi makonni yana karantar da hadisin da ya nuna Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado, yana kuma jaddada cewa hadisin bai ware maƙwabci Musulmi kaɗai ba. Da mahaifiyar kafintan ta rasu a Lome, liman da mai unguwa suka jagorance mu muka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa muka yi masa gaisuwa. Naman layya ya koma shiga gidajensu kamar da. Da Kirsimeti ta zo, shi da kansa ya kira mahauci Musulmi ya yanka masa akuya, muka kuma yi magana a fili cewa wanda ya ci ya ci, wanda bai ci ba kada a riƙe shi a zuci. Akwai gidajen da har yau ba sa karɓa, kuma ba mu matsa musu ba.

Samari ne suka fi ba ni wuya. Dattawa sun ƙi zama da 'yan pale, waɗannan ƙungiyoyin matasa masu ɗaga ƙarfe da garin nan ya sani, don haka ni kaɗai na riƙa zuwa fadarsu ina zama har a sauke shayi na uku. Ba su taɓa ba ni haƙuri a kan abin da ya faru ba, ni ma ban nema ba. Ɗayansu, tsohon ɗalibina, ya ce, "Malam, kai ka ce mu yi karatu, mun yi, ga mu nan zaune." Ban sami amsar da zan ba shi ba. Abin da muka iya shi ne mu ba su gadin layi da dare, mu kuma saya musu kura biyu daga asusun kwamiti su riƙa kai wa tsofaffi ruwa a kan kuɗi kaɗan. Ɗaya tana aiki har yanzu. Ɗayar kuwa wanda aka damƙa wa ya sayar da ita ya yi kuɗin mota zuwa Agadas, kuma ni da na tsaya masa ni na biya.

Gidaje biyu na 'yan Benin sun tashi a shekarar tarzomar ba su dawo ba. Yanzu mutanen Diffa da rikicin Boko Haram ya koro ne suke haya a ciki, iyali huɗu a gida ɗaya, matansu Barbarci kawai suke ji sosai, Hajiya ce take yi musu tafinta. Littafin matar kafinta gida yake ƙirgawa, ba iyali ba, saboda haka ran Asabar bayan la'asar za mu zauna gindin dogon yaro mu yanke ko lamba ɗaya za a ba su ko huɗu.