Shirin sabuwar shekara daga bakin keken ɗinki

Telan da ke aiki a Sakkwato yana da kalanda biyu, ko ya sani ko bai sani ba. Ni Kirista ce, ina shiga sabuwar shekara a coci daren 31 ga Disamba, muna waƙa da addu'a cikin sanyin hunturu, kowa ya zo da abin da yake roƙon Ubangiji. Amma cinikin shagona Sallah yake bi. Azumi da Sallah kuwa suna matsowa da kamar kwana 11 kowace shekara, don haka watan da bara ya cika mini aljihu yana iya zama watan zaman jiran kwastoma bana. Kirsimeti da yunifom na 'yan makaranta a Satumba suna taimakawa, sai dai ba su kai ɗinkin Sallah ba. Shi ya sa duk shirin da zan rubuta, sai na fara duba lokacin da azumi zai kama.

Shekarar 2023 ce ta fi koya mini. Na shige ta da buri uku: ƙarin keke mai amfani da wuta, ɗaukar sababbin 'yan koyo, da ajiyar kuɗin hayar shago tun da wuri. Janairu bai ƙare ba aka shiga wahalar canjin kuɗi, takardar naira ta yi wuyar gani, wanda ya kawo ɗinki ya kasa biya, mai yadi a kasuwa kuma ya ce sai tsaba. Muna farfaɗowa da Ƙaramar Sallah a Afrilu, sai aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500. Mai aiki da janareta ya san abin da wannan ke nufi. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli aka rufe iyakar Illela, matan da ke kawo mini ɗinki daga Birnin Ƙonni suka ɗauke ƙafa, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Cikin buri ukun, kuɗin haya kaɗai na iya haɗawa.

Abin da ya fi damuna a lokacin maganar wasu 'yan'uwa ce, masu ganin duk shirin da ya rushe alama ce ta ƙarancin bangaskiya. Ban yarda da wannan koyarwa ba, kuma ina ganin tana raunata mutane. Na san matan da ba sa fashin addu'ar asuba, ba sa wasa da zakka, amma jarinsu ya karye a shekarar nan. Idan ka ce musu bangaskiyarsu ce ta gaza, ka ɗora musu kaya a kan kaya.

Wata dattijuwa a zumuntar mata ce ta buɗe mini Ayyukan Manzanni sura 16 a Littafi Mai Tsarki. Ta ce, "'Yata, ai Bulus ma ya shirya tafiya an tare masa hanya." Haka yake kuwa. Ya nufi Asiya, Ruhu Mai Tsarki ya hana. Ya juya wajen Bitiniya, nan ma ba a bar shi ba. Sai da ya gangara Taruwasa ya ga wahayin mutumin Makidoniya yana kira. Na ce, "Mama, to ni ina tawa Makidoniyar?" Ta ce in ci gaba da karatu. A Filibi, wani birni a Makidoniya, wadda ta fara karɓar bishara Lidiya ce, mai sayar da yadin shunayya. Mace 'yar kasuwar tufafi, irina. Na daɗe ina tunanin wannan. Ita ma tana da kaya da za ta sayar da bashin da za ta bi, amma ta samu lokacin zuwa bakin kogi wurin addu'a, har ta buɗe gidanta ga baƙi.

Ba wai Littafi Mai Tsarki ya hana shiri ba ne. A Luka 14:28 Yesu ya ce mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi. Yakubu 4:13-15 kuma da 'yan kasuwa yake magana kai tsaye, masu cewa za su je gari kaza su shekara su ci riba, yana tuna musu su ce in Ubangiji ya yarda. Maƙwabtana Musulmi ba sa ƙulla alkawarin gobe ba tare da sun faɗi haka ba, kuma zama da su ya sa na ƙara riƙe ayar da muhimmanci.

Yanzu ina raba takardata gida biyu. Gefe ɗaya abin da ke hannuna: buɗe shago da wuri, cika alkawarin ranar karɓar kaya, rubuta kowane bashi, koya wa yarana yanka da kaina. Ɗaya gefen abin da nake roƙo, kamar sabon keke da ƙarin kwastoma. Idan na farkon ya gaza, ni zan gyara. Idan na biyun ya jinkirta, ina kai shi gaban Ubangiji ba tare da tuhumar kaina ba. Ina kuma barin sarari a lissafin kuɗi, yadda nake barin rarar yadi a cikin rigar yaro don a iya buɗe ta in ya girma.

Takardar ba ta jiran Disamba kafin in sake dubawa. Ina buɗe ta lokacin Ista, in sake buɗewa bayan Babbar Sallah, in soke abin da ya zama dole a soke. 'Yan koyona ma na sa kowace ta rubuta nata. Ƙaramarsu ta ce, "Anti, ni dai ina son in iya saka zif ba tare da ya karkace ba." Mun sa mata wa'adin kafin azumi, kuma kullum da yamma tana gwadawa a kan ƙyallayen da suka rage.