Wai kwan kore ne a ciki?

Daren jiya an ɗauke wuta muna shan iska a ƙofar gida nan Tudun Wada, ɗan yayata ya fito da wata 'yar leza mai koren haske da ya siyo a kasuwar Gumi yana ta haska bangon maƙwabta, can sai ya ce kawu wai kwan kore ne a ciki? Na ce masa ina, ai abinda ke ciki ya fi haka.

Asalin hasken infrared ne wanda ido baya gani, zangonsa, wato tsawon igiyar hasken, nanomita 1064 (nanomita kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), sai ya ratsa wani ɗan mitsitsin kiristal da ake kira KTP, ƙwayoyin haske biyu su haɗe su zama ɗaya, zango ya rabu biyu ya koma 532, shine koren. Tun 1961 Peter Franken da abokansa suka fara ganin haka a jami'ar Michigan ta Amurka, kuma abin dariya, ɗigon da ya fito a hoton nasu ƙanƙanta ta sa masu buga mujallar suka goge shi wai datti ne!

Wahalar kiristal ɗin dole a yanka shi a daidai kusurwa don hasken da ya shiga da wanda ake haifa su tafi ƙafa da ƙafa, in suka saɓa sai su kashe juna. To shine yanzu masana ke sassaƙa wasu 'yan turaku a saman kiristal irin litiyom nayobet ko galiyom asenayid, kowane turke ɗaruruwan nanomita ne kawai, kaurin silin gashi ɗaya kuwa ya kai wajen nanomita 80,000, suna ce wa shimfiɗar metasafes. Haske in ya shiga turken sai ya maƙale yana kai-komo kamar amo a cikin tulu, ƙarfinsa ya taru waje ɗaya, kuma da yake abin ba kauri babu inda za a saɓa tafiyar.

A 2021 masana a Ostareliya sun yi amfani da ita sun mayar da hoton infrared ido na gani, burinsu tabarau na ganin dare marar nauyi. Ni dai ban cika zumuɗi ba, har yanzu sai an haɗa da wata lezar kuma abinda ke fitowa ɗan kaɗan ne.

Yaron dai na ƙwace abarsa, don masu arahar nan wasu ba abin tace haske a ciki, infrared ɗin na biyo koren ya fito, shi kuma har ya fara auna idon ƙanwarsa.