Laraba: wuni guda a kan kundin Sina'i

Aikin yau shafi uku ne kacal daga Codex Sinaiticus, wato kundin Sina'i, kundin Littafi Mai Tsarki na Girkanci da aka rubuta a tsakiyar ƙarni na 4. Tun 2009 hotunansa suna intanet, an haɗa sassan da suka warwatse: warƙa 347 a Landan, 43 a Leipzig, guntaye a St Petersburg, saura kuma a gidan ibadar Santa Katarina da ke gindin Dutsen Sina'i, inda masanin Bajamushe Tischendorf ya fara ganinsa a 1844.

Da hantsi, kafin karatu, sai da na duba jikin littafin. Fata ce, ta maraƙi da ta tunkiya. Ana jiƙa ta a ruwan farar ƙasa, a kankare gashin, a ɗaure ta a katako ta bushe a miƙe, a goge da dutse har ta yi laushi. Kowace fata na ba da falle ɗaya babba da ake ninkawa biyu. Falle huɗu ake haɗawa su ba da warƙa 8, kuma a jera su yadda gefen gashi zai fuskanci gefen gashi, gefen nama ya fuskanci gefen nama, don shafi biyu da ke buɗe su zama launi ɗaya. Littafin ya kai warƙa 730 ko fiye a asalinsa, wato dabbobi wajen 360. Kafin alƙalami ya taɓa shafi, ana huda ƙananan ramuka a gefe, a ja layi da tsinke marar tawada. Rukuni huɗu ne a tsaye a kowane shafi, sadara 48 a kowane rukuni, ban da littattafan waƙa irin su Zabura da aka yi wa rukuni biyu.

Sai karatun kansa, wanda shi ne wahalar. Manyan baƙaƙe ne zalla, harafi 12 zuwa 14 a sadara, babu tazara tsakanin kalma da kalma. Kamar a rubuta DAFARIAKWAIKALMA, a yanke kalmar a ƙarshen sadara a ƙarasa ta a ta ƙasa. Lambar sura ba ta zo ba sai farkon ƙarni na 13, lambar aya ta Sabon Alkawari kuwa sai 1551. Wanda ya taɓa fama da ajami marar wasali ya san dabarar: ido kaɗai ba ya warware shi, sai baki ya furta kunne ya ji. Shi ya sa a zamanin karatu a bayyane aka fi yi. A Ayyukan Manzanni 8, Filibus jin mutumin nan na Habasha ya yi yana karanta Ishaya a cikin karusarsa. Agustin, babban malamin ikilisiya, shi ma ya ga ya dace ya rubuta cewa ya tarar da Ambros, bishop na Milan, yana karatu idonsa na bin shafi harshensa shiru. Wasu na kafa hujja da wannan su ce mutanen dā ba su iya karatun zuci ba sam. A ganina sun wuce gona da iri, abin da labarin ya nuna kawai shi ne ba haka aka saba yi a gaban jama'a ba. A ikilisiya akwai muƙamin mai karatu, kuma sai ya yi bitar nassin tukuna, ya san inda zai yanke numfashi.

Wannan yanke numfashin ne ya cinye mini azahar, a Yohanna 1:3-4, inda ake magana a kan Kalma, wato Kristi. Akwai kalmomi biyu a tsakiya, ho gegonen, ma'ana "abin da aka yi". In ka tsaya kafinsu, jimlar ta zama: ba a yi kome ba sai ta wurinsa, abin da aka yi a cikinsa rai ne. In ka tsaya bayansu: ba a yi kome ba sai ta wurinsa, cikin abin da aka yi, a cikinsa rai yake. Hannun farko na kundin, wato wanda ya fara kwafe shi, bai sa ɗigo ko ɗaya ba. Yawancin malaman ikilisiya na farko ta hanya ta ɗaya suke karantawa, ba wanda ya damu. Da rigima ta tashi a ƙarni na 4, masu cewa Ruhu Mai Tsarki halitta ne suka riƙe ta: in dai kome da kome ta wurin Kalma aka yi shi, babu togiya, to har da Ruhu. Ɗaya ɓangaren suka matsar da tsayawar gaba, don jimlar ta tsaya kan abin da aka halitta kaɗai. Yohanna Kirisostom, shahararren malamin ikilisiya na lokacin, ya faɗa a wa'azinsa ƙarara cewa ba zai tsaya inda 'yan bidi'a ke tsayawa ba. A kundin Sina'i wani mai gyara na baya ya zo ya ɗiga ɗigon bayan kalmomin biyu. Ba a goge harafi ko ɗaya ba.

Rigimar kanta sananniya ce. Ariyus, limami a Iskandariya, ya ce akwai lokacin da Ɗan bai kasance ba. Taron Nikiya na 325 ya amsa da kalmar homo'usiyos, zati ɗaya da Uban. A shekarun 350 wasu suka fito da homoi'usiyos, zati mai kama. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, yota, mafi ƙanƙanta a Girkanci. Sai a taron Kustantiniya na 381 aka rufe maganar a hukumance.

Bayan la'asar na koma kan gajerun sunaye. Marubutan Kirista ba sa rubuta Allah, Ubangiji, Yesu, Kristi da Ruhu a cike. Galibi harafin farko da na ƙarshe suke ɗauka, su ja layi a sama. Allah ya zama ΘC, Ɗa ya zama ΥC. A Yohanna 1:18 wannan kundi da wani tsohon kundi da ke Vatikan suna da ΘC, "Allah makaɗaici", kundin Iskandariya na ƙarni na 5 kuma ΥC, "Ɗa makaɗaici". Wanda ya fi wannan shi ne 1 Timoti 3:16. OC na nufin "wanda", ΘC na nufin Allah. Bambancin ɗan layi ne a cikin da'irar da wani a sama. A fata mai sirantaka, tawadar bayan shafi kan iya bayyana ta ba da wannan layin ba da niyyar kowa ba. Hannun farko na kundin Sina'i a nan "wanda aka bayyana cikin jiki" ya rubuta. "Allah" gyaran wani ne bayan ƙarnuka. Kada a yi saurin cewa kowane bambanci maguɗi ne. Dole a duba launin tawada da siffar hannu kafin a yanke hukunci.

Galibin gyare-gyaren, da suka haura 20,000, ba ruwansu da aƙida. Iri biyu suka fi yawa. Na farko tsallake: sadara biyu sun ƙare da haruffa iri ɗaya, mai kwafa ya ɗaga ido ya sauke a ta biyun, abin da ke tsakani ya ɓace, sai mai gyara ya mayar da shi a hashiya da 'yar alama. Na biyu kuskuren kunne. A lokacin wasulan Girkanci da dama sun koma sauti ɗaya, har "mu" da "ku" suka zo kusan furuci guda. Romawa 5:1 misali ne: da gajeren o, "muna da salama"; da dogon o, "bari mu kasance da salama". Hannun farko dogon ya sa, mai gyara ya gajarta. Milne da Skeat, da suka yi nazarin kundin a 1938 bayan Birtaniya ta saye shi fam 100,000 a 1933, sun rarrabe hannu uku, kuma ɗayansu rubutunsa ya cika kurakuran sauti har Skeat ya karkata ga cewa shifta aka yi musu. Hujjar ba ta gamsar da ni gaba ɗaya ba, tunda mai kwafa shi kaɗai ma furtawa yake kafin ya rubuta, kunnensa na iya yaudararsa.

Kafin in rufe na leƙa ƙarshen kundin. Bayan Ru'ya ta Yohanna akwai Wasiƙar Barnaba da littafin Makiyayin Harmas, da tawada da tsari iri ɗaya da sauran. Wasiƙar Atanasiyus, bishop na Iskandariya, ta 367, mai jera littattafai 27 na Sabon Alkawari, ta sa Makiyayin cikin waɗanda ake karanta wa sababbin masu bi, ba cikin jerin ba. Gobe sai ƙarshen Markus, inda rubutun ya tsaya a 16:8, a kan fallen da wani marubuci dabam ya sake kwafewa.