Abin da hoton daskararriyar raɓa ya ja min a situdiyo

Jiya na miƙa makullin situdiyo bayan shekara shida. Ku ƴan Aboabo da Asawase a nan Kumasi kun san wurin kun san Masta maigidana, ba sai na kira suna ba. Mutane sai tambayata suke me ya haɗa mu, to maganar gaskiya hoton nan ne da ke rataye a bayan kanta, na ganye mai farin baki, wanda duk mai shigowa sai ya tsaya ya kalla.

A Disamban 2022 ne wani boga, wato ɗan gida mazaunin Turai, ɗan unguwarmu da ke zaune a Hambog ta Jamus ya nemi a turo mai hoto daga gida saboda bikin ƙanwarsa, Masta ƙafarsa na damunsa sai aka ce ni zan je da babbar kyamarar shago. Ni da iyakar sanyin da na sani shi ne na hunturu, a shafa man kaɗanya a sha koko da ƙosai shikenan.

Ranar walima na fito da sassafe, can a watan rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi, ƙarfe huɗu kuma ta faɗi. Na gangara bakin tafkin Alster sai na ga ciyawa da ganyaye da shingen ƙarfe duk sun yi fari fat kamar an barbaɗa musu sikari. Na ɗauka dusar ƙanƙara ce, Yaya mai masaukina ya ce a'a, dusar daga sama take zubowa, wannan kuwa danshin iska ne ke daskarewa a jikin abu kai tsaye idan dare ya yi garau ba gajimare ba iska kuma sanyi ya sauka ƙasa da digiri 0. Wallahi na tsugunna na ga ƴan allurai na ƙanƙara sun jeru a bakin ganye ɗaya bayan ɗaya, Subhanallah kawai nake cewa. Hotunan farko duk sun fito toka-toka, don mitar da ke auna haske a kyamara in ta ga fari da yawa sai ta rage haske ta mai da shi ruwan toka, sai da na ƙara haske da mataki ɗaya sannan farin ya dawo. Na matso kusa da wani ganye numfashina ya narkar da rabinsa nan take, dole na riƙe numfashi. Da rana ta ɓullo na zagaya na sa ta a bayan ganyen, allurorin suka kama ƙyalli, na danna. Shi ne hoton. Ba a jima ba duk inda rana ta taɓa ya koma ruwa.

Kuskuren ya zo ne da na koma masauki. Hannuna ya ƙage, na faɗa falo hita na aiki, tsabar ɗoki ban ko zauna ba na ciro kyamara daga jaka na kwance lens, wato gilashin gaban kyamara, wai zan sa na walima. Kyamara mai sanyi ta haɗu da iska mai ɗumi, kamar dai ka ciro kwalbar lemo daga firij a Kumasi da rana, nan da nan ta yi gumi, kuma ba a waje kaɗai ba har cikin gilasan inda tsumma ba ya kaiwa. Na goge na waje na ɗauka an gama. Hotunan shigowar amarya, na uwar amarya tana kuka tana sa mata albarka, duk sun fito da hazo kamar an ɗauka a Tamale cikin Janairu. Wannan lokacin ba ya dawowa, kuma har yau in na haɗu da Hajiya a hanya kaina a ƙasa nake gaishe ta. Da na sani, leda kawai ake sa kyamarar a ƙulle tun a waje, a bar ta awa ɗaya ko biyu ta ɗumama a hankali, gumin sai ya tsaya a jikin ledar. Leda fa.

Bayan na dawo Kumasi, da damina ta shigo, funfuna ta fito a cikin lens ɗin. Masta ya ce ni na kashe shi, na ce na yarda, ya yanke min albashi wata takwas ban ce uffan ba, don laifina ne kuma kayansa ne. Abin da na kasa haɗiyewa shi ne ya ɗauki hoton ganyen nan ya wanke shi babba ya sa a firem, ya buga sunan situdiyo a ƙasa, ya sa a Facebook, kuma a gabana yake gaya wa kwastomomi yadda ya sha sanyi kafin ya same shi. Mutumin da bai taka Hambog ba. Na same shi mu biyu cikin ladabi na ce Masta ko a ƙasa ne a sa sunana ƙarami, ya ce kyamarar waye? Na ce taka. Ya ce to magana ta ƙare. Asarar tawa ce, hoton nasa ne, haka ya raba. Na ƙara zama har na ga na biya shi tas don kar gobe a ce na gudu da bashi.

Ku ƙannena da ke koyon aiki, in Allah ya kai ku ƙasar sanyi ku sa batir na biyu a aljihun ciki kusa da jiki, sanyi na zuƙe shi da wuri. Ku ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da ya fi karɓar gyara, saboda a inuwa ƙanƙara shuɗi take fitowa sai an gyara. Ƴan ƙullin silika na kwalin takalmi kar ku yar, ku zuba a jakar kyamara, danshin Kumasi ma ya isa ya ɓata lens. Kuma kafin ku ɗauki kayan maigida ku yi tafiya, ku yi magana a gaban shaida kan sunan wa zai hau hoto.

Asalin fayil ɗin yana wurina, da kwanan wata da lokacin da aka ɗauka a jikinsa. Na kama ɗan shago a Sawaba, in sha Allah wata mai zuwa zan buɗe, kuma shi zan fara rataya.