Rasit ɗin kuɗin haya

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na je wajen mai gidan da nake haya a Ɗorayi. Na gaishe shi, na ce, "Baba Alhaji, rasit nake so na kuɗin hayar bana." Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. "Malam, shekara shida muna zaman amana, yau kuma takarda ce za ta shiga tsakaninmu?" Na gane inda ya dosa. Tsoro yake kada rasit ya kai sunansa gaban masu haraji.

Abin da ya kai ni shi ne sabuwar dokar harajin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, ta fara aiki 1 ga Janairu 2026. Wanda abin da yake samu a shekara bai wuce naira dubu 800 ba, an ɗauke masa haraji. Ɗan haya kuma za a cire masa kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayarsa daga abin da ake yi wa haraji, iyakarsa naira dubu 500. Na ji daɗin wannan, gaskiya.

Da dare na zauna da biro. Ciki da falo nake biya dubu 400. Kashi 20 ya zama dubu 80, harajin da ke kansa a matakin kashi 15 kuwa dubu 12 ne. Sauƙina ke nan a shekara guda, alhali bana kaɗai an ƙara mini dubu 100, ban da la'adar dillali da ke jirana in na ce zan tashi.

Ni a ganina ciwon yana ƙasa, wajen fili. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 filayen birni suna hannun gwamna, takardar mallaka kuma sai mai haƙuri da aljihu. Shi ya sa talaka ke faɗawa awon igiya. Ni ma na sayi ɗan fuloti irin wannan a bayan Rijiyar Zaki, lungun ko Adaidaita ba ya shiga, babu magudanar ruwa, banki kuma ba ya karɓar takardar mai unguwa jingina. Da hukuma za ta riga dillalai yanka ƙananan fulotai masu hanya da kwata, ta sauƙaƙa takarda, da gidaje sun yawaita, haya ta sauko da kanta.

Bulo ɗari uku na ajiye a wurin tun bara, damina ta cinye kusan rabinsu. Baba Alhaji kuma ya ce in dawo bayan Sallah, zai yi shawara da babban ɗansa.